Darasi na Bakwai: Gardama Kan Kasafin Kuɗi Ba Tare da Gaba Ba

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana ma'anar kasafin kuɗi da hanyar da yake bi kafin ya zama doka a Najeriya;
2. faɗin abin da ke jawo gardama a kansa;
3. bambanta sukar aiki da cin mutunci;
4. auna adadin da 'yan siyasa ke ambata kafin ya goyi bayan kowa.

1. Mene ne kasafin kuɗi?

Ku ɗauki magidancin da albashinsa naira dubu 100 ne a wata. Ga kuɗin makarantar yara, ga buhun masara ya kusa ƙarewa, ga rufin ɗaki yana yoyo, damina kuma ta ƙarato. Uwargida tana ganin a fara da abinci, shi kuma hankalinsa yana kan kwanon rufi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma babu maƙiyin gidan. Kuɗin ne bai kai buƙatun ba. Gwamnati ma a wannan hali take kwana kowace shekara, sai dai nata iyalin ya haura mutum miliyan 200.

Tsarin Mulkin 1999 ya shimfiɗa hanyar da ake bi. Sashe na 81 ya ɗora wa shugaban ƙasa gabatar da ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa, wato Majalisar Dattawa mai sanatoci 109 da Majalisar Wakilai mai mambobi 360. Daga nan kwamitoci su kira ministoci da shugabannin hukumomi, kowa ya kare abin da ya nema. Idan majalisun biyu suka amince da adadi ɗaya, sai a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu. Yana da kwana 30. In ya ƙi, majalisun na iya zama tare su mayar da ƙudurin doka da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku. Sashe na 80 kuma ya hana a taɓa asusun gwamnati sai da izinin doka. A jihohi ma haka ake yi tsakanin gwamna da majalisar jiha.

> Akwatin kalmomi (1)
> Kasafin kuɗi: tsarin da ke nuna abin da gwamnati ke sa ran samu da abin da za ta kashe a shekara guda.
> Kuɗin shiga: abin da gwamnati ke samu daga haraji, man fetur, kwastan da sauransu.
> Ayyukan yau da kullum: albashi, fansho da kuɗin tafiyar da ofisoshi.
> Manyan ayyuka: hanyoyi, asibitoci, makarantu, madatsun ruwa.
> Giɓi: abin da kashewa ya ɗara kuɗin shiga da shi. Yawanci da bashi ake cike shi.
> Lura: miliyan 1,000 ita ce biliyan 1, biliyan 1,000 kuma ita ce tiriliyan 1.

2. Daga ina gardama ke tasowa?

Tambayoyin da ake faɗa a kansu ba su da yawa: wa zai samu, wa zai biya, kuma nawa za a ciyo bashi. Duk nairar da aka sa a titin Abuja zuwa Kano naira ce da ba a sa a asibitin wani gari ba. Saboda haka kasafin da ya wuce babu wanda ya ce uffan abin tuhuma ne. An zaɓi 'yan adawa ne domin su duba, su tambaya, su kawo nasu tsarin. Shi ya sa bisa al'adar majalisun Najeriya ɗan adawa ake ba shugabancin kwamitin da ke bin diddigin asusun gwamnati.

Tambayar "wa zai biya" ita ta fi saurin ɗaga jijiyar wuya. A Ghana, bayan zaɓen 2020, jam'iyyun NPP da NDC kowacce ta samu kujera 137 a majalisa, sai ɗan takara mai zaman kansa guda ɗaya. A Nuwamba 2021 gwamnati ta kawo kasafin 2022 da sabon haraji na kashi 1.75 cikin 100 a kan kuɗin da ake turawa ta waya. 'Yan adawa suka ce talaka ne zai ji a jikinsa, gwamnati ta ce baitulmali na neman agaji. Hujjoji ne da za a iya zama a auna. Amma a watan Disamba sai da aka ba hammata iska a zauren majalisar, a gaban kyamarori. An zartar da harajin a Maris 2022 bayan an rage shi zuwa kashi 1.5. Ragin nan ciniki ne ya kawo shi. Naushin bai ƙara kobo ba, bai rage ba.

> Akwatin kalmomi (2)
> Adawa: ƙin amincewa da manufar gwamnati tare da kawo hujja ko wata mafita.
> Gaba: ƙin mutum ko jam'iyyarsa, ko da abin da ya faɗa gaskiya ne.
> Ladabin muhawara: sukar magana da aiki ba tare da taɓa mutunci, asali, addini ko iyalin mai maganar ba.

3. Abin da gaba ke ja wa talaka

Ranar 7 ga Nuwamba 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya kai wa majalisa kasafin 2018 na naira tiriliyan 8.6. A lokacin dangantaka ta yi tsami tsakanin fadar shugaban ƙasa da shugabannin majalisa, Bukola Saraki da Yakubu Dogara, alhali duka a jam'iyyar APC suke. Majalisa ta ce ministoci ba sa zuwa kare kasafinsu, ɓangaren zartarwa ya ce jan ƙafa ake yi da gangan. Sai 20 ga Yuni 2018 aka sa hannu, adadin ya koma tiriliyan 9.12. Wata bakwai da 'yan kwanaki ke nan.

Ku duba kalanda. Wanda ya san aikin hanya ya san rani ne lokacinsa. Kasafin da ya zama doka a ƙarshen Yuni ya riski damina ta kankama, ga shi sai an bi matakan ba da kwangila kafin tirakta ta motsa. Albashi bai tsaya ba, domin Sashe na 82 ya yarje wa shugaban ƙasa ya ci gaba da kashe kuɗin tafiyar da gwamnati har wata shida idan kasafi ya makara. Sababbin ayyuka su ne suka sha jira. Amurka ba ta da irin wannan kariya: daga 22 ga Disamba 2018 zuwa 25 ga Janairu 2019 an rufe wani ɓangare na gwamnatinta kwana 35, saboda taƙaddama tsakanin Shugaba Donald Trump da 'yan jam'iyyar Democrat kan dala biliyan 5.7 na gina katanga a iyakar Meziko. Ma'aikata kusan 800,000 ne albashinsu ya tsaya.

A wajen sa hannu, Buhari ya koka cewa majalisa ta zaftare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700, ciki har da tashar lantarki ta Mambila da gadar Neja ta biyu, ta kuma saka sababbin ayyuka 6,403 na biliyan 578. Majalisa ta amsa cewa ita ce ta fi kusa da jama'a, kuma gyara ta yi domin kowane yanki ya samu rabo. Wannan gardama ce mai amfani, domin kowane ɓangare ya kawo abin da za a iya dubawa: babban aiki ɗaya da zai amfani ƙasa bayan shekaru, ko ƙananan ayyuka dubbai da za a gani a mazaɓu bana?

Wata shida bayan haka abin ya sauya salo. Ranar 19 ga Disamba 2018 Buhari ya koma da kasafin 2019 na tiriliyan 8.83. Saura wata biyu zaɓe, Saraki kuma ya riga ya koma PDP. Duk aikin da shugaban ya ambata, wasu su yi masa ihu, wasu su tashi da tafi da kirari. Washegari zancen ihun ne ya cika gari. Kaɗan ne suka iya faɗin nawa aka ware wa ilimi ko lafiya. Masu ihu da masu tafi sun taru sun yi aiki ɗaya, sun hana a ji adadi.

4. Zancen cushe

> Akwatin kalmomi (3)
> Cushe (aringizo): saka kuɗi ko ayyuka a kasafi ta hanyar da ba a bayyana ba, ko ƙara wa aiki kuɗin da ya wuce ƙimarsa.
> Ayyukan mazaɓu: ayyukan da 'yan majalisa ke zaɓa a yi a yankunansu, kamar rijiyar burtsatse ko ajujuwa.
> Dakatarwa: hana ɗan majalisa shiga zaure na wani lokaci a matsayin horo.

A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin a nan ake yawan rikita ladabi da yin shiru.

A 2016 Abdulmumin Jibrin, wakilin Kiru da Bebeji daga jihar Kano, wanda ya shugabanci kwamitin kasafi na Majalisar Wakilai, ya zargi Kakakin majalisa Dogara da wasu manya uku da yunƙurin ware wa kansu naira biliyan 40 daga cikin biliyan 100 na ayyukan mazaɓu. Suka musanta, suka ce gyara kasafi haƙƙin majalisa ne. Ku lura da abu ɗaya: mai zargi ɗan APC ne, waɗanda ya zarga kuma akwai 'yan APC akwai ɗan PDP. Ba kullum layin jam'iyya ne ke raba mutane ba, wani lokaci rabon ne. A Satumba 2016 aka dakatar da Jibrin na kwanakin zama 180, kuma bai koma kujerarsa ba sai 2018. Daga baya Babbar Kotun Tarayya ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka. A duk tsawon lokacin, mutanen Kiru da Bebeji ba su da mai magana da yawunsu a zauren.

Shekara takwas bayan haka aka maimaita. Shugaba Bola Tinubu ya gabatar da kasafin 2024 na tiriliyan 27.5, majalisa ta mayar da shi 28.7. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya, ɗan PDP, ya faɗa a hira da sashen Hausa na BBC cewa akwai kimanin tiriliyan 3.7 da bai ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Kwamitin kasafi na Majalisar Dattawa ya amsa cewa yawancin kuɗin na hukumomin da ake cire wa kasonsu kai tsaye ne, irin su hukumar zaɓe, ɓangaren shari'a da ita kanta majalisar, waɗanda ba a zayyana bayanansu dalla-dalla a kundin ba. Ranar 12 ga Maris aka dakatar da Ningi na wata uku, bisa cewa ya zubar da ƙimar majalisa. A ƙarshen Mayu aka dawo da shi.

Ba aikin wannan darasi ba ne ya ce wane ne mai gaskiya. Abin koyo shi ne yadda zancen ya karkata. An fara da tambaya kan kuɗi, aka ƙare da tambaya kan ladabin mai tambaya. A ganin marubucin wannan littafi, duka ɓangarorin akwai abin da ke kansu. Mai zargi ya kamata ya zo da shafi da layi, ya ce ga wurin. Wanda aka zarga kuma amsarsa mafi ƙarfi ita ce ya buɗe kundin kowa ya gani. Dakatarwa ba ta amsa tambayar lissafi. Idan aka ce wa duk mai tambaya ya yi rashin kunya, to an mayar da ladabi sandar dukan masu tambaya.

Akwai kuma ɗaya gefen. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta 9, ƙarƙashin Ahmad Lawan da Femi Gbajabiamila, ta karɓi kasafin 2020 a Oktoba 2019, aka sa masa hannu ranar 17 ga Disamba, kasafi ya dawo tsarin Janairu zuwa Disamba. Ci gaba ne na gaske, kuma babu ihu. Amma masu suka sun yi ta kiran majalisar 'yar amshin shata, musamman kan yadda take amincewa da buƙatun ciyo bashi. Zaman lafiya a zaure ba ya nuna an yi bincike, kamar yadda hayaniya ba ta nuna an yi.

5. Misalai

Adadin da ke misali na biyu da na uku na koyon lissafi ne kawai, ba na wata jiha ba ne.

*Misali na ɗaya: mayar da tiriliyan abin da hankali zai kama.* Nawa ne tiriliyan 3.7 a cikin 28.7? Raba 3.7 da 28.7, ka ninka da 100. Amsa ita ce kusan 13. Wato a kowace naira 100 ta kasafin, ana gardama kan naira 13. Yanzu ka san girman abin: bai kai rabi ba kamar yadda wani zai zuzuta, kuma ya fi ƙarfin a ce ba komai ba ne.

*Misali na biyu: mutum biyu, kowa da gaskiyarsa.* Wata jiha ta ware wa lafiya biliyan 20 bara daga kasafin biliyan 200. Bana ta ware biliyan 24 daga biliyan 300. A teburin mai shayi, wani direba da wani tela suka sa zancen.

"Malam, gwamnanmu ya ƙara wa asibitoci biliyan huɗu. Sai dai baƙin ciki ya kashe ku."

"Alhaji, rage wa lafiya aka yi. Ku dai an saye ku, shi ya sa ba kwa gani."

Mu yi lissafi. Bara: 20 cikin 200, kashi 10 cikin 100. Bana: 24 cikin 300, kashi 8 cikin 100. Kuɗin ya ƙaru, kason ya ragu. Direba bai yi ƙarya ba, tela ma haka. Abin da ya ɓata zancen shi ne "baƙin ciki" da "an saye ku", domin babu ɗayansu da ya shafi asibiti. Da tela cewa ya yi, "Alhaji, gaskiyarka, an ƙara. Amma kasafin gaba ɗaya ya ƙaru da rabi, na lafiya kuma da kashi ɗaya cikin biyar kawai. Ina sauran ya tafi?" da direba ya samu abin amsawa, ko abin tunani. Sai kuma wata tambaya da su duka ba su yi ba: idan farashin magani ya tashi fiye da ƙarin, biliyan 24 ta bana za ta sayi abin da biliyan 20 ta saya bara?

*Misali na uku: tambayar da ba a iya kauce mata.* Ɗan majalisa ya zo taron mazaɓa. Wani matashi ya miƙe ya ce, "Ku duka ɓarayi ne." Magoya baya suka taso masa, taro ya watse, ɗan majalisa ya shiga mota bai amsa komai ba. A wani taron, wata shugabar ƙungiyar mata ta ce, "Ranka ya daɗe, an rubuta naira miliyan 30 a kasafin bara don gyara asibitin garin nan. Nawa aka saki, wane ɗan kwangila aka ba, kuma yaushe zai gama?" Ya ce, "Hajiya, zan bincika." Ta ce, "To ranka ya daɗe, wace rana za mu dawo mu ji?" Maganar Hajiya ta fi ta matashin zafi nesa ba kusa ba, amma babu wanda zai ce ta yi rashin kunya, kuma babu ƙofar gudu. Ta kuma san abin da mutane da yawa ba su sani ba: rubuta kuɗi a kasafi daban, sakin kuɗin daban.

Irin wannan tambaya tana buƙatar a ga takarda. Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana wallafa kundin a intanet, jihohi da dama ma suna yi. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, tana sauƙaƙa adadin, kuma shirinta na Tracka yana bin ayyukan mazaɓu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani. Wanda karatunsa bai yi nisa ba, ya sa ɗansa ko abokin karatunsa ya duba masa sunan garinsu.

6. Gwajin da za ka yi wa kanka

Yawancinmu ba a zauren majalisa muke jin zancen kasafi ba. A rediyo muke ji, daga bakin sojojin baka, ko a WhatsApp da Facebook. Sojan baka aikinsa kare ubangidansa ne, kuma bai ɓoye ba. Kai mai sauraro babu wanda ya ɗauke ka wannan aiki.

Kafin ka yaɗa magana, tambayi kanka: da jam'iyyata ce ta ci wannan bashi, zan kira shi ganganci ko zan kira shi gina ƙasa? Mutane da yawa da suka yi tir da yunƙurin cire tallafin fetur a Janairu 2012 sun kare cire shi a Mayu 2023, wasu da suka kare shi a 2012 kuma suka yi tir da shi a 2023. Mutum na iya sauya ra'ayi don ya ga sabuwar hujja, wannan ba laifi ba ne. Amma in abin da ya sauya kawai shi ne wanda ke kan kujera, to ba tallafin ake magana a kai ba. A jamhuriya ta biyu Alhaji Waziri Ibrahim na jam'iyyar GNPP ya yi suna da kiran a yi siyasa ba da gaba ba, kuma shi ɗan adawa ne da ya tsaya takara da Shehu Shagari a 1979 da 1983. Kiran nasa bai hana shi adawa ba.

Tambayoyin bita

1. Bayyana ma'anar giɓi da kalmominka, ka faɗi yadda aka fi cike shi.
2. Lissafa matakan da kasafin tarayya ke bi daga hannun shugaban ƙasa har ya zama doka.
3. Me ya sa albashi bai tsaya ba a 2018 duk da kasafi ya makara? Waɗanne ayyuka ne suka sha jira?
4. Majalisa ta saka ayyukan biliyan 578 a kasafin tiriliyan 9.12. Kashi nawa ke nan cikin 100? (Ka fara mayar da tiriliyan zuwa biliyan.)
5. Wata jiha ta ware wa ilimi biliyan 30 daga 150 bara, bana kuma biliyan 36 daga 240. An ƙara ko an rage? Kawo amsar da kowane ɓangare zai bayar.
6. Wa ya yi asara lokacin da aka dakatar da Jibrin da Ningi, ban da su kansu?
7. Sake faɗin wannan magana ta yadda za ta zama tambayar da dole a amsa: "Shugaban ƙaramar hukumarmu ya cinye kuɗin rijiyoyi."
8. Aikin rukuni: ku kasu biyu. Rukuni ɗaya ya kare a kashe naira miliyan 50 a gyaran makarantar firamare, ɗayan ya kare a kashe ta a magudanar ruwa. Bayan minti goma ku yi musanyar matsayi, kowane rukuni ya kare abin da ya soka.